Ranar da Bagobira Ta Share Kemis

Mahauci dai mahauci na, ko ya shekara ɗari. Dut abin da kab ba shi ajiya, nama shi ka gani.

Ni sunana Ladi. Ƙofar Dundaye muke zamne ni da Malam, shekara hamsin, ko da ɗoriya ko babu, ban ƙidaya ba. Ba ni hwaɗin sunanai, amma ku shiga mahauta ku ce Dodo, ko akuya ta nuna muku gida. Shekara bakwai ke nan da ciwon suga yak kama shi. Ƙwaya tay yi aikinta hat tag gaji, likita yac ce sai allura, sahe da marece, daga wata 'yar kwalba da ba ta kai babban yatsana ba. Insulin sunka ce sunanta. Na iya hwaɗi sarai, don na biya kuɗɗin iyawa.

Wagga kwalba ta hi amarya mulki. Ba ta son rana, ba ta son zahi, ba ta son a girgiza ta da ƙarhi. Mu kau wutar lantarki sai dai mu ji labarinta ga baƙi. Lailatu, ɗiyar maƙwabtanmu da ka aikin jinya asibiti, ita tak koya min dabara: ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, rairai tsakani, a jiƙa shi sharkab, a ruhe da tsumma mai laima, a aje lungu. Shekara bakwai ina ban ruwa ga rairai kamar mai lambun albasa, kwalba ko guda ba ta taɓa lalace min ba.

Sai ga Lawwali ya sayo hiriza.

Lawwali yaron Malam na tun dauri, yanzu shi ma ya yi hurhura, shi ka riƙe da teburin naman. Ya samu buɗi, yas sayo wanga babban akwatin ƙanƙara mai shan hasken rana, yak kahwa shi bayan shago. Tun ranar Malam yar rasa hankalinai. Kullum sai ya ja sanda ya tai ya gaishe ta. Wallahi ko sa'ad da shi ka zuwa zance gidanmu bai yi wagga zarya ba. Ya dawo shina hwaɗin, "Ladi, na sa hannu ciki. Ladi, cinyar sa kwana goma, kamar yanzu anka yanka." Nic ce to a ɗaura muku aure mana.

Ana nan maganin nan yay yi wuya cikin gari. Ɗiyarmu da ka aure Gusau tay yi ta nema can hat tas samo kwalba biyu, tab ba direba yak kawo. Kwalba biyu hwa! Wata biyu na barci da minshari. Nin naɗe su cikin ƙyalle nis sa can ƙasan tukunya, tsohuwar da tar rage 'yar guntuwa bisa, nir ruhe, niy yi musu addu'a. Ranar Talata nit tahi suna Runjin Sambo. Laihina ke nan duniya, na tahi suna.

Watan cika-ciki muke. Ranar Laraba da marece nik kawo wutsiyar ragon layya da nib ɓoye tun Sallah, nid dahwa. Malam yaz zamna mata kamar mai ramuwa.

"Malam, suga."

"Yau ko mai suga an ce ya cika ciki."

"Wa yac ce?"

"Magabata."

"Magabata na da allura?"

Yac ci gaba da tauna, bakinai na da baƙo. Nim matse mishi ƙarshen guntuwar kwalba, nic ce gobe a buɗe sabuwa.

Da sahe niɗ ɗaga tsumma. Tukunya wayam, sai sanyi. Nil lalubo rairai, nij juye tukunya, nid duba ƙarƙashin gado kamar kwalba na da ƙahwa. Ina tasowa nig ga Malam bakin ƙohwa, shina murmushi irin na wanda yay yi abin kirki a ɓoye.

"Kwantar da hankalinki. Na kai su inda manya ka kwana."

"Ina?"

"Shekara bakwai kina wahalshe da magani cikin tukunya kamar daddawa. Zamani ya zo, Ladi."

Yaj ja sanda yah hita. Jim kaɗan yad dawo da ƙunshi cikin takardar siminti, shina warin tumbi. Yab buɗe min da hannu biyu. Ga kwalabe nan, sun yi hwari hwat, ruwan ciki ya sandare kamar dutsi, har da ɗan gashin saniya manne ga guda.

"Kin gani? Ko shekara sunka yi."

"To yaya za a ja dutsi cikin allura?"

Yat tsaya. Nan na tunaninai bai kai ba. Sai yas sa guda cikin hammata, yad danne, yac ce a ba shi minti biyar.

Haka Lailatu tat ishe mu, ta shigo gaisuwa za ta wurin aiki. Tag ga tsoho tsaye, hannu guda manne ga jiki kamar kaza mai kwanci. Da nig gaya mata, dariya tak kwashe ta hat tad dahe bango. Tana cikin yi sai tad daina, ɗib, kamar an hure hitila.

"Baba, kawo. Wagga ta mutu. Duk biyun."

"Ta narke hwa, ɗiyata. Nama ma in ya narke..."

"Baba, ba nama ba ta. In ta yi ƙanƙara sau ɗaya ta gama aiki. Ko ka yi ta, ruwa kay yi ma kanka."

Tah hiddo 'yar na'urarta, tas soki yatsanai, tad duba. Tah hwaɗi lamba, ɗari huɗu da wani abu. Ni ba ni jin lamba, amma ina jin huska, kuma huskar Lailatu ba ta yi min daɗi ba. Taj ja ni tsakar gida.

"Inna, yau a ka son ta, ba gobe ba. Wurinmu ma babu, sati guda ke nan. Ya yi ta shan ruwa. In ya hwara amai, ko kin ga barci na jan shi kina magana bai amsawa, a kwashe shi sai asibiti. Ina tasowa la'asar in biyo. In kin samo, in yi mishi da hannuna."

Kada ku ce ƙauna ta tat tashe ni. Takaba ni ka gudu. Wata huɗu da kwana goma cikin ɗaki, damina ta kama, ga sauro, ga bukin jikata na tahe na riga na ɗinka anko. Ba tsohon da za ya ɓata min atamfa. Nik kwance abin da nit tara na ƙuli-ƙuli, niɗ ɗaure bakin gyale, nik kira matar Lawwali nic ce zamna nan ki tsare shi, tunda akwatinku yaj jawo. Niy yi ma Malam kallo guda. Yac ce, "A dawo lahiya," muryatai ƙarama.

Kemis na hwarko, nan bakin titinmu, mai shagon yac ce babu, amma akwai wanda yah hi shi. Yas sauko min da wata doguwar kwalba mai hoton ƙato ya cire riga ya kumbura damtse. Yac ce tana maganin suga, da basir, da sanyin ƙashi, tana ƙara ma maigida kuzari. Nic ce ɗana, kuzarin maigida yak kawo ni nan, a bar shi haka.

Nit tare keke napep, nic ce da direba yau ni da kai sai inda mai yaƙ ƙare. Runjin Sambo munka shiga uku. Na ukun har da hirij babba bayan kanta, raina yay yi hwari. Mai shago yab buɗe min don in gani da idona: takalminai na Juma'a ciki, da hula bisa. Yac ce wuta ta kwana tara ba ta leƙo ba, ya yi asara sau biyu, ya tuba. Nic ce Allah ya sa takalmi ya ji daɗin zama.

Daga nan sai wani babba mai gilashi tun daga ƙasa har bisa, ƙohwa na buɗe kanta. Sanyi yab buge ni kamar na shiga rijiya. Wani mai hwarar riga yac ce akwai. Nic ce alhamdu lillahi, nawa? Yah hwaɗi.

"Ɗana, kwalba guda nic ce. Ba shagon za ni saye ba."

"Hajiya, kuɗin ke nan. Dala ce ta tashi."

"To in Dala ta ad da ciwon, a yi mata allurar ta zamna."

Bai yi dariya ba. Masu hwarar riga cikin sanyi ba su dariya, haƙoransu na ciwo. Abin da ke bakin gyalena bai kai rabi ba. Ƙohwa tab buɗe kanta tah hidda ni, ita kaɗai tag girmama ni nan wurin.

Azahar ta gota. Direba yac ce, "Inna, saura Sabon Gari. Akwai wata mata can, ba ta rabuwa da janareta." Nic ce mu tai.

Shagon ƙarami na, janareta na kuka bayanai. Benci guda, mutum huɗu bisa suna jira. Mai shagon macce ta, za ta yi arba'in da 'yan kai, tabarau rataye ga wuya da igiya. Na ji suna ce mata Anti Ni'imatu. Sakkwatanci bakinta tas, ka ce cikin hubbare anka yanke mata cibiya. Nig gaya mata abin da at tahe da ni, har da hammata. Tar ruhe baki da hannu, kahwaɗunta na rawa, sannan tad daidaita.

"Inna, ba ni yi miki ƙarya. Biyu gare ni, kuma duk da masu su. Guda ta ɗiyar wani malamin makaranta ta, yau za shi zo, wagga ko uwata tat taso ba ni ba ta. Guda ta wani tela ta, nashi na ƙarewa Lahadi. Kaya na zuwa min daga Kano ran Asabar, amma mota ta saba yi min ƙarya. In na ba ki tashi, mota ba ta zo ba, mi za ni ce mishi?"

Tah hwaɗi kuɗɗinta. Ya hi na masu gilashi sauƙi nesa, amma ya hi gyalena. Nik kwance nin nuna mata. Tad duba, tag girgiza kai a hankali, irin girgizar da ta hi zagi ciwo.

Nij juya. Ina tunanin ko in koma ga mai hoton ƙato.

Sai wayarta tay yi kuka. Taɗ ɗauka, sai ga wani harshe ya ɓarke bakinta, sama-sama, ƙasa-ƙasa, kamar ana kiɗin kalangu da baki.

Nit tsaya cik. Yarbanci!

Ni kau Bagobira ta, ta asali. Ga su nan ga kumatuna, shidda nan, bakwai nan, wanzami bai yi min rowa ba. Kowa ya san Bagobiri da Bayarabe taubasai na. Sai ka zage shi tas tsakiyar kasuwa, ya rama, ba mai hushi, kowa na cewa ɗaya bawanai na. Kuma watan cika-ciki shi na watan da taubasai ka amsar kuɗɗin shara ga juna. Allah bai hana ni komi ba sai karatu.

Nid dawo, niz zame gyale baya, nij juya kumatu wajen haske, nij jira tag gama.

"Ashe," nic ce, "baiwata ta ka riƙe min da shago ban sani ba."

Tas sa tabarau. Tal leƙo. Tac cire tabarau.

"La'ilaha illallahu! Wa yab bar ƙohwa buɗe? Jama'a, ku riƙe min ita! Kuyangar gidanmu ta, tun zamanin kakata a ka cigiya!"

Mutanen benci sunka gyara zama. Wata mai goyo tac ce da ɗanta yi shiru.

"Ke, yi min magana a hankali. Ku in kuna gaisuwa sai a ce gobara ta tashi."

"Dole mu ɗaga murya, bayinmu ba su jin kira. Inna, wagga huska hwa? Kaza tay yi tono, ko da damisa kunka yi kokawa?"

"Ado na, ɗiyar manja. Ku uku-uku anka yi muku, wuƙa tag ga ba ku cancanci wahala ba."

"Shaida anka yi muku, in kun ɓace a maido muna."

"Da barkono anka yaye ki, shi ya sa bakinki bai hucewa."

"Ke da mi anka yaye ki? Hura ba nono?"

Benci yaɗ ɗauki dariya. Mai gyaran waya na maƙwabta yal leƙo, mai lemu tat aje tire. Nig ga kasuwa ta ci, sai nib buga kanta da tahin hannu.

"To an ji. Wane wata muke? Cika-ciki. Hiddo min sharata. Ba ni son kuɗɗi, ba ni son goro. Kwalbar tela."

Nan Ni'imatu tay yi wani murmushi da ban so ba. Tan naɗe hannuwa.

"Inna, uwata shekara arba'in tana saida atamfa tsakiyar Gobirawa. Ta karantar da ni. Tac ce shara, wanda yay yi shara a ka ba. Uwargijiya ka bayarwa, baiwa ka amsa." Tad duƙa bayan kanta, tat taso da tsintsiya, sabuwa dal, tad ɗora min gaba. "In kina son shara, ga aiki."

Tsakanina da ku, gaskiya tah hwaɗi. Haka abin yake tun kakanni. Ni na zaci boko ya cinye mata wagga. Ashe uwar ta riga ni.

Sai nij ji gyaran murya ƙarshen benci. Wani dattijo na, ya zo sayen maganin ido, ban lura da shi ba. Yat taso, yaz zare rawani daga kumatu, ga tsaga irin tawa reras.

"Ni Hashim, daga Sabon Birni. Hajiya, kada ki soma. Gobir duka na bisa kumatunki. Ki taɓa wagga tsintsiya, kin saida mu."

"Malam Hashim, zamna, idonka na ciwo," in ji Ni'imatu.

"Ina gani da guda! Hajiya, tun da anka kahwa duniya Bagobiri bai share ma Bayarabe ɗaki ba."

Nid dubi tsintsiya. Nid dubi ɗan hirij da ke bayan Ni'imatu. Sai Malam yah hwaɗo min a rai, yadda nib baro shi, buta ta uku hannunai, leɓonai ya bushe kamar ganda, shina cewa a dawo lahiya.

"Malam Hashim, Gobir na da allura?"

"Wace allura?"

"To ɗaga ƙahwa."

Niɗ ɗaure gyale ga ƙugu, niɗ ɗauki tsintsiya, nib buga gindinta ga tahin hannu. Wata guɗa tat tashi, ban san bakin wa ba. Ni'imatu taj jawo kujera tsakiyar shago, tah hau, taɗ ɗora ƙahwa ɗaya bisa ɗaya, tas samu kwalin magani tana hihita.

"Hwara daga lungu, kuyanga. Kada ki tada min ƙura."

In za ka ci kunya, ci ta da miya. Nis sa tsintsiya ƙarƙashin kanta nij jawo. Jama'a, abin da yah hito!

"Ku zo ku ga dukiyar Yarbawa! Ga 'ya'yan barkono, an aje don gaba. Ga ɓawon goro. Ga takalmi wari guda, mai shi ya sha maganinki ya tashi sama."

"Ƙarya ta, da shi kiz zo!"

"Ga kyankyaso ya mutu rigingine. Wanga mi kib ba shi? A rubuta min sunan maganin in kiyaye."

Mai goyo tana dariya har ɗanta na tsalle bayanta. Nib bi benci, kowa yaɗ ɗaga ƙahwa kamar ruwa ya shigo ɗaki. Malam Hashim yaƙ ƙi ɗagawa, ya juya huska ga bango shina salati. Nish share takalmanai duk biyu, niy yi waje da su har bakin kwata. Yab bi su da gudu ba takalmi, shina hwaɗin za shi kai ƙarata. Mai gyaran waya ya ɗaga wayatai sama tun ɗazu, nic ce ɗauka da kyau, ka samo gehen bakwai ɗin, shi yah hi kyau.

"Can bayan kwali, kuyanga!"

"Na gani, ranki ya daɗe, uwar ɗakina mai tuwon rogo!"

"Ƙara hwaɗi, ban ji ba!"

"Kunnenki ya toshe da ihun gidanku!"

Ni kaina dariya ta ci ƙarhina, ina shara hawaye na zuba, rabon da in yi irin ta tun ina budurwa. Nid duƙa in kwashe, sai bayana yac ce ƙas. Nit tsaya nan duƙe, sama ta ƙi, ƙasa ta ƙi. Ni'imatu tad diro daga kujera, tar riƙe ni.

"Ya isa, Inna. Wallahi ya isa. Kawo."

"Sake ni. A ce Bagobira ta yi aiki rabi? Miƙo abin kwasa."

Sai da nik kwashe tas, niz zubar, sannan tat tallabe ni tam miƙar da ni a hankali kamar a na buɗe tsohuwar ƙohwa. Taz zamnar da ni bisa kujerar tata, tab ba ni ruwa.

Tab buɗe hirij taɗ ɗauko kwalbar tela. Tan naɗe ta cikin auduga, tas sa cikin gwangwani, tas sa ledar ruwan sanyi gehe, tar ruhe. Kuɗɗin gyalena tak kwashe tas sa aljihun kanta, ko dubawa ba ta yi ba.

"Abin da yar rage shi na shararki. Na biya, jama'a shaida."

"Mun shaida!" in ji benci.

"Tela hwa?" nic ce.

"In mota ta yi ƙarya, ni za ni bin gari da ƙahwata in nemo mishi. Wahalar uwargijiya ta, ba ruwan baiwa." Tar rage murya. "Dut wata in kaya sun zo ina aje ma Baba guda, yadda nis saya haka za ni ba ki. Ga lambata, ki ba mai jinyar nan taku. Kuma ki gaya mishi, sanyi anka ce, ba ƙanƙara ba."

Nit tashi. Bakina ya so ya yi godiya, amma taubasai ba su godiya gaban mutane. Nic ce, "Shagonki na wari." Tac ce, "Sauka lahiya, Inna. Ki riƙe da kyau."

Cikin keke na rungume gwangwani kamar jinjiri. Dut ramin da munka hwaɗa sai in ce da direba kai, a hankali, in mun hita in ce kai, yi sauri. Yac ce Inna zaɓi guda. Nic ce duk biyu.

Na iso ana kiran la'asar. Malam na kwance bisa tabarma ƙarƙashin rumhwa, matar Lawwali na mishi hihita. Bai yi amai ba, amma ido ya zurma. Nic ce na dawo. Yaɗ ɗaga hannu kawai. Bai tambayi tuwo ba, bai ce mi niɗ daɗe ina yi ba. Mutumin da ko zazzaɓi shi ka yi sai ya yi gardama da shi. Nan dariyar Sabon Gari tag gudu daga cikina, niz zamna gehenai da gwangwani bisa cinya, ina kallon ƙohwa.

Lailatu tash shigo da kayan aikinta ba ta ko biya gida ba. Tab buɗe gwangwani, taɗ ɗaga kwalba ga haske, tam murza ta tsakanin tahunanta.

"Wagga lahiya lau take. Inna, ina kis samo?"

"Yi aikinki."

Tay yi mishi. Tac ce a ci gaba da ruwa, ita tana nan ba ta tahiya. Munka zamna mu uku muna kallon tsoho kamar masu jiran tukunya ta tahwasa. Bayan magariba tas sake sokin yatsa, tad duba, tas saki numhwashi. Lamba ta hwara sauka. Can sai munka ji murya daga tabarma.

"Ladi. Wutsiyar nan, ba ta rage ba?"

Nic ce ta rage, kuma gabanka za ni cinye ta.

Hoton kau ya riga ni isowa unguwa. Lailatu tan nuna mishi cikin wayarta, ga ni duƙe ina jawo kyankyaso. Malam yay yi ta dariya hat tari yas sarƙe shi, shina nuna ni da yatsan da anka soka. Shi Bakabe na, ba abin da yay yi mishi zahi.

Wanshekare da hantsi ina jiƙa rairai sai ga sallama. Matan Gobirawan unguwa, su biyar, Hajara gaba, wadda ta girme ni da shekara goma kuma ba ta bari in manta. Ko tabarma sunka ƙi zama. Hajara tac ce na zubar da su. Tac ce jikokinta na can Legas, Yarbawa sun tura musu hoton tun jiya, ba su iya hita sayen burodi. Tac ce da uwata na da rai da ta kankare min tsaga da dutsin guga. Nic ce ku yi haƙuri, sharrin Shaiɗan na da na hiriza. Sunka yi tsaki bi da bi, sunka juya.

Sun kai zaure, sai Hajara tac ce su yi gaba, takalminta ya tsinke. Tad dawo ita kaɗai, takalmi lahiya lau. Tad duba hagu da dama, tam matso har ina jin warin taba bakinta.

"Ke Ladi. Ƙanena na Gidan Igwai, kin san shi ma allurar shi ka yi. Kwana ukku muna nema."

"Allah ya sawwaƙe."

"Amin. Wagga Bayaraba, wane layi take?"

"Kayanta sai Asabar, in mota ba ta yi ƙarya ba."

Tay yi lissahi da yatsu, leɓonta na motsi.

"Asabar watan cika-ciki bai mutu ba," tac ce. "Shagon na da girma?"